Birki shanyewa yake yi ko tsinkewa?

Wani direba da ke jigilar fasinja tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa ya aiko da tambaya. Ya ce birkin motarsa yakan yi kwana uku yana kamawa daram, sai rana ɗaya, yana tsaye a bayan wata mota, ya ji abin takawar yana sulalewa ƙasa a hankali ƙarƙashin ƙafarsa, idan kuma ya ɗaga ya sake takawa sai ya dawo daidai. Ya gaya wa makaniki cewa birkinsa yana tsinkewa, makaniki ya leƙa ƙarƙashin mota bai ga ɗigon mai ba, ya sallame shi. Yana so ya san bambancin tsinke da shanye da ƙwace.

Malam direba, ba zan ɓoye maka ba, kai ne ka fara ɓatar da makanikin da bakinka. Tsinkewa ta igiya ce da zare da tsirkiya, wato abin da yake a miƙe ya rabu biyu, kuma abin da ya tsinke ba ya komawa ya haɗe da kansa ya yi maka aikin kwana uku. A cikin mota, wayar birkin hannu ita ce ke tsinkewa a zahiri. Amma yanzu duk abin da ya sami birki, daga mai karanta labarai a rediyo har yaron gareji, sai ka ji an ce ya tsinke, kamar Hausa ba ta da wata kalma. Wanda aka ce wa abu ya tsinke, inda ya rabu zai nema, shi ya sa mutumin naka ya duba ƙasa, da bai ga mai yana zuba ba ya ɗauka aikinsa ya ƙare.

Kalmar da ta dace da abin da ka bayyana ita ce shanye. Asalinta sha, kamar yadda cinye ta fito daga ci, janye kuma daga ja, kuma ƙarin nan yana nuna cewa abu ya tafi gaba ɗaya bai rage saura ba. Daga nan Bahaushe ya ɗauke ta ya kai ta jiki, ya ce ƙafa ta shanye, ko ɓarin jiki ya shanye: gaɓar tana nan a wurinta, ba ta karye ba, ba ta yi rauni a fili ba, ƙarfin ne kawai ya bar ta. Ina ganin ko wane ne ya fara cewa birki ya shanye ya san harshensa, kuma ya san mota. Birkin ƙafa da mai yake aiki. Idan ka taka, wani famfo da ke gaban direba a cikin gidan inji, wanda makanikai ke kira masta, shi ke tura man ta cikin siraran bututu zuwa ƙafafu huɗu. A cikin famfon akwai ƴan robobi da ke tare man kada ya koma baya, kuma idan suka fara cinyewa, man yakan zagaye su ya koma inda ya fito a cikin famfon kansa. Babu ɗigo ko ɗaya da zai faɗi ƙasa, man da ke cikin kwanonsa ma ba zai ragu ba. Abin da ya sa ciwon yake zuwa yana tafiya shi ne, takawa mai ƙarfi takan buɗe bakin robar ta manne da bango ta riƙe, takawa mai laushi da aka daɗe ana riƙe da ita kuwa, irin ta mai jira a cunkoson bakin kasuwa, ita ke ba man hanyar sulalewa. Ka koma ka ce masa birki yana shanyewa idan ka riƙe shi a hankali, ka sa shi ya zauna ya ɗora ƙafa sannu-sannu na minti ɗaya inji yana aiki, ya ji da kansa. Kada kuma ka ɗauki fasinja kafin a yi wannan.

Ƙwace kuwa ba ta birki ba ce. Mota ce ke ƙwace wa direba, kamar yadda doki ke ƙwace wa mahayi. Sakamako ne, ba sunan ciwo ba.

Wata Hajiya daga unguwar Zariya ta tambaya ko birki ake rubutawa ko burki. Ranki ya daɗe, duka biyun Hausa ce. Kalmar daga Ingilishi ta shigo, kuma da yake bakin Bahaushe ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, sai ya cusa wasali a tsakani, kamar yadda ya yi wa burodi da direba. Ni birki nake rubutawa.

Wani ɗalibi daga Tasawa ya ce ya ji makaniki ya ce birki ya sha iska, yana tambaya ko wannan ba wasa da harshe ba ne, tunda shan iska yawon hutawa ne. Ɗana, a nan sha tana nan a ma'anarta ta fari, ta shigar da abu ciki, kamar yadda katako ke shan ruwa. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, don haka idan ta shiga bututu sai ka taka ka ji laushi kamar ka taka katifa, sai ka maimaita sau biyu ko uku kafin ya yi tauri. Wannan daban yake da shanyewar da na yi bayani a sama, domin a can sulalewa yake yi yana tafiya ƙasa, a nan kuwa tsalle yake yi ƙarƙashin ƙafa. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ban san inda maganar ta fi zama daidai kamar nan ba. Makanikin da ya fitar da iska ya karɓi kuɗinsa bai nemi tsagar ba, ƙadangaren ya kora kawai, kuma zai dawo. Tsagar takan kasance a mahaɗar bututu, ko a robar ƙafa ta baya, ko kuwa an bar man ya yi ƙasa har famfo ya zuƙi iska.

Akwai wata iskar da ba daga waje take shiga ba, kuma ita ce ta fi rikita mutane a watannin Afrilu da Mayu. Man birki yana tsotsar laima daga iska a hankali, musamman da damina. Sabon mai irin wanda aka rubuta wa DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma idan ya sha ruwa yakan sauko zuwa wajen 140; DOT 4 kuwa daga 230 yake saukowa zuwa 155. Idan ya tafasa sai ya yi tururi, tururi kuma matsuwa yake yi, sai abin takawa ya tafi ƙasa. Bayan an tsaya an sha shayi ƙarfe ya huce, tururin ya koma ruwa, birki ya dawo kamar ba shi ne ya yi ba. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu da dogon gangaren da zai gasa birki, saboda haka idan wannan ya faru a hanyar Gidan Rumji ko ta Damagaram, a duba lodin da aka yi wa motar, a kuma duba ko wata ƙafa tana riƙe birki ba ta saki. Masu ƙera motoci da yawa suna cewa a sauya man duk shekara 2, mu kuwa ƙari muke yi masa har motar ta mutu.

An tambaye ni kalmar da ta fi dacewa da ciwo mai zuwa yana tafiya. Jefi-jefi ta fi lokaci-lokaci, domin lokaci-lokaci tana iya ɗaukar abin da ke da tsari, jefi-jefi kuwa ba ta da ranar da za ka jira ta.

Wani dattijo daga Tibiri ya rubuto yana cewa ɗansa ya ƙi kai mota gyara, duk lokacin da aka yi masa magana sai ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, yana tambaya ko haka ake amfani da maganar. Baba, ba haka ba ne, kuma wannan yana cikin abubuwan da ke ɓata mini rai. Magana ce ta ta'aziyya da jaje, ana faɗa wa wanda abu ya riga ya auka wa domin a sanyaya masa zuciya. Tsautsayi shi ne abin da ya zo ba sallama. Birkin da ya shanye ranar Talata ya sake shanyewa ranar Juma'a ya yi sallama har sau biyu, kuma wanda ya ɗauko maganar jaje ya ajiye ta tun kafin a yi rashi, ya mai da karin magana mafakar lalaci. Idan karin magana yake so, a ba shi wadda ta dace da halin da yake ciki: ruwa ba ya tsami banza.

Wani kuma ya ce nasa birkin ba laushi yake yi ba, tauri yake yi jefi-jefi kamar an sa dutse. A nan sandare za ka ce, ko ƙage. A bayan masta akwai wani baƙin tulu mai faɗi da ke aron zuƙar inji yana taimakon ƙafarka, kuma idan tiyonsa ya tsage ƙarfin ya koma kanka kai kaɗai. Ka kashe inji, ka taka sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, ka riƙe, sannan ka tayar. Idan tulun yana da lafiya za ka ji abin takawar ya ɗan sauka.

Mai tambaya a kan kakkarwa da makyarkyata, dukansu rawar jiki ce. Idan a kan yashi ko tsakuwa kawai birkinka ke yin ta, kuma motar tana da ABS, wato na'urar da ke hana ƙafafun mota kullewa idan an taka birki da ƙarfi, aikinsa yake yi, kada ka ɗaga ƙafa. Idan a kan kwalta mai kyau yake yi duk lokacin da ka taka da gudu, a duba faifan ƙarfen da birki ke matsewa a ƙafar mota.

Ita kuwa tiyo, wadda wani daga Katsina ya yi musu da abokinsa a kan asalinta, daga Faransanci ta shigo, kuma abokin da ya faɗi haka ne ya yi gaskiya.