Ina tsaka da rage ƙiba ga Babbar Sallah ta ƙarato, yaya zan yi da nama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 36 da 'ya'ya huɗu. Wata biyar ke nan ina fama da rage ƙiba, na sauko daga kilo 91 zuwa 84. Abin da na yi shi ne rage tuwo da shinkafa, barin lemon kwalba, da tattaki bayan sallar Asuba. To ga Babbar Sallah ta ƙarato, kuma ni ce mai suya a gidanmu. Bara duk abin da na rage sai da ya dawo bayan Sallah. In ƙaurace wa naman ne gaba ɗaya, ko in jingine maganar rage ƙiba sai an gama hidima? Sannan me zan ce wa surukata idan ta ajiye mini abinci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari, Malama. Kilo 7 a wata biyar tafiya ce mai kyau, don wadda ake so ke nan, a hankali, ba ta wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ba.

Kada ki ƙaurace wa nama, kuma kada ki jingine shirinki. Abin da za ki canza shi ne burin da kika sa a gaba na ɗan wannan lokaci. A makon Sallah ba raguwa ake nema ba, a tsaya inda ake ake nema. Idan kika shiga Sallah da kilo 84, bayan mako biyu kika hau sikeli kika ga 84, kin ci nasara.

Abin da ya dawo miki da ƙibar bara da wuya ya zama abincin ranar Idi. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana daidai da kalori kusan 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Mace irinki tana ƙona kalori wajen 2,000 a yini. Kafin ki tara kitse kilo biyu a kwana uku, sai kin ci sama da kalori 7,000 kowace rana, kuma cikin mutum ba ya ɗaukar haka cikin sauƙi. Yanzu duba ɗaya ɓangaren. Soyayyen naman rago giram 100, wato kamar tsoka huɗu ko biyar matsakaita, yana kai kalori 300 idan da kitse a jikinsa. Ki ɗora masa lemon kwalba babba, kalori wajen 200. Wannan 500 ke nan a kan abincinki na yau da kullum. Ki yi haka kwana 21, kin tara 10,500, kitse fiye da kilo ɗaya. Ɓarnar tana cikin bokitin soyayyen naman nan da ke ajiye a ɗaki mako uku, ana wucewa ana ɗaukar tsoka ɗaya ana jefawa a baki, ba a ma lissafa shi a matsayin cin abinci.

An gwada wannan a wasu ƙasashe. A shekarar 2000 masu bincike a Amurka sun wallafa sakamakon bibiyar mutum 195 a lokacin bukukuwansu na ƙarshen shekara. Ƙaruwar da aka samu a kan matsakaici ba ta kai rabin kilo ba, ƙasa da yadda mutanen suke zato. Amma ba ta sauka ba a watannin da suka biyo baya, kuma masu ƙiba tun asali su suka fi fuskantar ƙaruwa mai yawa. Kaɗan ce, sai dai tana zama, shekara ta zagayo wata ta hau kanta.

Tunda ke ce mai suya, bari mu fara daga bakin kasko, don nan ne kika fi kowa shiga haɗari, nan ne kuma kika fi kowa iko. Mai suya tana yini a tsaye cikin zafi da hayaƙi, ba ta zauna ta ci abinci ba, amma kowane kasko aka kwashe sai ta ɗanɗana. Kafin Magariba ta ci naman da ya fi na kowa, tana kuma ganin kamar ba ta ci komai ba. Maganinsa shi ne ki karya kumallo sosai kafin ki hura wuta, da abu mai riƙe ciki kamar ƙwai biyu dafaffu ko alala ko ƙosai kaɗan da koko marar sukari. Ki ajiye ruwa kusa da ke, don ƙishirwar bakin murhu takan zo da kamannin yunwa. Sai ki ware ƙaramin kwano ɗaya, duk abin da za ki ɗanɗana ki fara sa shi a ciki. Idan kwanon ya cika, rabonki na ranar ya ƙare.

Tun wajen yankan nama ki ware kasonki daga cinya da gadon baya inda tsoka ta fi yawa, ki yanke farin kitsen da ido ke gani. Giram ɗaya na kitse kalori 9 ne, na sinadarin gina jiki da ke cikin tsoka da na sitacin hatsi kuwa 4, tsoka zalla dafaffiya giram 100 ba ta wuce kalori wajen 200. Naki kason ki yi farfesu da shi ko ki gasa. Idan farfesun ya huce za ki ga mai ya daskare a sama, ki kwashe shi da cokali kafin ki ɗumama. Wanda aka soya kuwa a tsane shi a kwando sosai tun da zafinsa. Na san ba don kwaɗayi kawai ake suya ba, rashin tsayayyar wutar lantarki ne ya sa ta zama hanyar adana nama, don haka ba zan ce ki bari ba. Amma kakiden da ya rage a kasko, wanda ake ajiyewa ana zubawa a shinkafa da wake, shi ne ya fi dacewa ki bar wa wasu. Babban cokali ɗaya na kowane irin mai kalori wajen 120 ne, kuma kitsen dabba yana daga cikin masu ɗaga mugun kitse a jini. Dambun nama ma a yi hattara da shi. Ba shi da nauyi a hannu, amma ya sha mai, ruwansa ya ƙone, cikin tafin hannu biyu na iya kai faranti guda na shinkafa a yawan kalori.

Nawa za ki ci? Masu binciken cutar daji na duniya suna ba da shawarar kada jan nama dafaffe ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako. A makon Sallah kusan kowa zai haura haka, kuma mako ɗaya ba ya kawo illa ga mai lafiya. Ma'aunin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne tafin hannunki ba tare da yatsu ba, faɗinsa da kaurinsa. Irin wannan sau biyu a yini a kwanaki ukun farko, daga nan ki koma sau ɗaya, kuma ba kullum ba.

Rabon naman ma yana cikin maganin. Malamai sun so a ci, a yi kyauta, a yi sadaka daga naman layya. Duk abin da ya fita zuwa maƙwabta da mabuƙata tun ranar farko ba zai zauna yana kiranki ba. Sauran ki ƙulla shi a ƙananan ledoji, kowace leda ta miyar rana ɗaya, ki ajiye a firiza idan akwai, ko a rufe a wuri mai nisa da inda kike zama. Naman da ya shiga miyar kuɓewa ko ta kuka ya rabu ga mutum takwas ya sha bamban da wanda aka ci a tsaye a bakin bokiti.

Farantinki kuma ki raba shi haka: rabi ganye, kashi ɗaya cikin huɗu nama, sauran kashi ɗayan tuwo ko shinkafa ko waina biyu zuwa uku. Ganyen ba sai an je nesa ba. Kwaɗon zogale ko na rama, kabeji da latas da gurji da tumatir, duk sun isa, sai dai a rage ƙuli da mai a kwaɗon, a kuma guji lafta wa salak mayonis. Ki fara cin ganyen kafin ki taɓa nama. Yana cika ciki da kalori kaɗan, sannan nama ba shi da harza, wato zare-zaren ganye da hatsi mai sauƙaƙa bayan gida, ko kaɗan, shi ya sa maƙarƙashiya da tashin basir suke yawa bayan layya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a yini. Ki ci a zaune, a hankali. Saƙon ƙoshi yakan ɗauki kusan minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa, don haka idan kin gama kina son ƙari, ki ɗan dakata tukuna. Hadisin nan da ya ce a raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, ya fi amfani a wannan makon fiye da kowane lokaci.

Abin sha ne nake so ki fi tsanantawa a kai, fiye da naman ma. Lemon kwalba mai sentilita 50 yakan ɗauki sukari wajen giram 50, kimanin ƙaramin cokali 12. Wannan shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babba a yini guda a shawararta ta 2015, har ta ce a rage zuwa rabin haka ya fi. Ga shi abin sha ba ya ƙosarwa, kin sha kalori 200 amma cikinki bai san an yi ba. Maltina da lemon kwali ba su tsira ba, haka zoɓo da kunun aya na gida idan an zuba musu sukari da ludayi. Tunda kin riga kin bar lemo wata biyar, kada ki buɗe wannan ƙofar saboda Sallah. Idan ke ce mai haɗa zoɓon, ki ɗebi naki kafin a sa sukari, ki ƙara masa citta da kanumfari da ɓawon abarba.

Kada ki ƙi cin abinci da safe wai don ki tara wuri wa na rana. Wadda ta isa gidan biki da yunwa ba ta iya zaɓe, kuma cincin da dubulan ne suke fara tarbarta.

Batun surukarki. Ƙin taɓa abincin da babba ta ajiye miki rashin ladabi ne a wurinmu, kuma ba sai an kai ga haka ba. Ki sa hannu, ki ɗauki tsoka ɗaya ko biyu, ki yaba girkin, sannan ki ce, "Mama, wallahi ya yi daɗi, a zuba mini sauran in tafi wa yara da shi." Da wuya uwar da za ta ji haushin wannan. Idan gida huɗu za ki shiga a yawon Sallah, ki yanke tun daga gida a wanne za ki ci abincin rana na sosai, sauran ukun ɗanɗano ne da ruwa. Ba sai kin yi bayanin kina rage ƙiba ba, don shi ne ke jawo "haba, yau ɗaya dai" da dogon musu.

Tattakinki na Asuba kada ya tsaya, ko da minti 15 ne a ranakun da aiki ya yi yawa. Tafiyar rabin awa kalori wajen 150 take ƙonawa, ba ta ma biya kwalbar lemo ɗaya ba, saboda haka kada ki dogara da ita wajen goge abin da aka ci. Amfaninta shi ne tana taimaka wa jiki sarrafa sukarin jini, musamman bayan cin abinci, kuma al'adar da aka yanke mako guda tana da wuyar ɗorawa.

Idan kina da hawan jini, ki lura da gishiri da dunƙule da yajin da ake barbaɗa wa nama. Iyakar gishiri a yini giram 5 ne, ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid kada ta tsallake abinci, sukarinta na iya faɗuwa. Mai ciwon gawut, wanda ke kumbura babban ɗan yatsan ƙafa, ta nisanci hanta da ƙoda da sauran kayan ciki. Mai juna biyu ta taƙaita hanta saboda yawan bitamin A da ke cikinta, mai ciwon ƙoda kuma ta tambayi likitanta adadin naman da ya dace da ita.

Washegarin suya idan kika hau sikeli kina iya ganin ƙarin kilo ɗaya ko biyu. Kada hankalinki ya tashi. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, sitacin da jiki ya adana a hanta da tsoka kowane giram ɗaya yana tafiya da ruwa kusan giram uku, ga kuma abincin da bai gama wucewa ta hanji ba. Yawancinsa zai sauka cikin kwana uku zuwa biyar. A nan ne mata da yawa suke karaya su ce tunda an ɓata a ƙarasa, wasu kuma su ruga sayen shayin rage ƙiba. Galibin irin wannan shayi maganin gudawa ne ko na sa fitsari. Ruwa yake fitarwa, kitsen yana nan, kuma yawan shansa na kwashe gishirin jiki har ya taɓa bugun zuciya.

Duk da haka kada ki ɓoye sikelin. Wani gwaji da aka yi a Birmingham ta Ingila, aka wallafa a 2018, ya nuna waɗanda suka riƙa auna kansu aƙalla sau biyu a mako a lokacin Kirsimeti, tare da 'yan shawarwari kan abinci, sun fita da kusan rabin kilo ƙasa da waɗanda ba su yi ba. Ki auna sau biyu a mako, da safe bayan kin kewaya, kafin ki ci komai, a sikeli ɗaya.

Ki sa ranar komawa tun yanzu: kwana na huɗu bayan Idi, girkin gida ya koma yadda yake, ma'aunin tuwonki ya koma na da, cincin da ya rage a ba yara su kai maƙwabta. Awon da za ki yi hukunci da shi shi ne na kwana goma bayan Sallah. Idan ya nuna ƙarin da bai kai kilo ɗaya ba, ki ci gaba da shirinki kamar yadda kika saba, zai sauka cikin mako biyu zuwa uku. Idan ya haura haka, ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki na kwana uku, har da tsokar da aka ɗauka a tsaye, za ki ga inda yake shigowa.