Tambayoyin Masu Karatu: Zuwa Biki Ingila Cikin Oktoba Tare da Yawon Buɗe Ido

Tambaya: Assalamu alaikum. Za a aurar da 'yar ƙanwata a birnin Manchester cikin mako na uku na watan Oktoba, ɗaurin aure ranar Juma'a, walima ranar Asabar. Ni da maigidana mun sami hutun mako biyu, kuma ba mu taɓa zuwa Ingila ba. Muna so mu halarci bikin, mu kuma ga Landan da Edinburgh, har da Paris idan da hali. Maigida yana fama da ciwon gwiwa, ba ya jure doguwar tafiyar ƙasa. Shin mu fara da yawon ne kafin biki ko mu bari sai an watse, kuma yaushe ya kamata mu fara neman biza? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka, ya kai mu lokacin da rai da lafiya. Shawarata ita ce ku sa biki a gaba, yawo ya biyo baya, ku sauka Manchester ranar Talata ko Laraba ta makon bikin. Dalilin ba ya da nisa. Ke uwa ce a wannan biki, ba 'yar gayya ba, kuma ƙanwarki da ke aurar da 'ya a ƙasar da dangi ba su da yawa za ta buƙace ki tun daga ranar lalle har zuwa kai amarya. Idan kuka fara da yawo, za ku iso mata a gajiye, wataƙila da mura, sannan duk wani jinkirin jirgin ƙasa ko ɓatan akwati zai faɗa ne a kan ranakun da ba za a iya sake su ba. Gidan tarihi yana nan ko a mako mai zuwa, amma ɗaurin aure sau ɗaya ake yin sa. Kwana biyu ko uku kafin Juma'a sun isa jaka ta iso idan ta maƙale a hanya, jiki ya saba da sanyi, tela kuma ya gyara abin da bai zauna daidai ba.

Kada kuma ki tsara tashi ranar Lahadi. Kin san halin bikinmu ko a ina aka yi shi: akwai buɗar kai, akwai gaisuwar surukai, akwai dangin da suka zo daga wasu garuruwa waɗanda za su so a zauna a yi zumunci kafin kowa ya kama hanya. Ban da haka, ranar Lahadi ce aka fi yin gyaran layin dogo a Birtaniya, inda wani lokaci akan sauke fasinja a sa su a bas, abin da ba zai yi wa mai ciwon gwiwa daɗi ba. Ki ɗauka yawonku daga Litinin yake farawa, wato kuna da kimanin mako guda cif.

Batun biza shi ne farkon abin yi. Bizar baƙo ta yau da kullum ce ta dace da ku, wadda yawanci ake ba ta wa'adin wata 6. Akwai wata biza ta musamman mai sunan aure, amma ta waɗanda za su je a ɗaura musu aure ce, ba ta mahalarta ba, don haka kada wani ya cike muku ita bisa kuskure. Ana iya nema tun saura wata 3 a yi tafiya, kuma a ƙa'ida amsa kan fito cikin mako 3 bayan an ɗauki hoton yatsu. Ga mai tafiya tsakiyar Oktoba, ƙofa tana buɗewa a tsakiyar Yuli, kuma gara ku shiga da wuri, domin Agusta da Satumba lokaci ne da ɗalibai ke cika ofisoshin neman biza. Ku haɗa wasiƙar gayyata daga ƙanwarki mai ɗauke da ranar biki da inda za ku sauka, da takardar wurin aiki da ta nuna hutunku, da bayanan asusun banki na watannin baya. Abin da ke kayar da mutane da yawa shi ne kuɗi mai kauri da ya faɗo asusu dab da neman biza ba tare da bayanin tushensa ba. Idan fili aka sayar ko adashi aka ɗauka, a nuna shaida. Tikitin jirgi kuwa a jira biza ta fito, ko a sayi wanda ake iya sauya masa rana.

Edinburgh tana cikin Birtaniya, bizarku ta isa ku shiga. Paris kuwa a Faransa take, wata ƙasa ce da wata biza daban, ta Schengen, wato ta rukunin wasu ƙasashen Turai, mai nata kuɗin da nata layin da sharaɗin inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma ofishin zai riƙe fasfo ɗinku har ya gama dubawa. Gaskiya ne jirgin ƙasa na Eurostar yana kai mutum daga Landan zuwa Paris cikin awa biyu da 'yan mintuna, kuma wannan kusancin ne yake ruɗar mutane. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Da mako guda a hannu da gwiwar Alhaji, ni dai zan ajiye Paris zuwa wata tafiyar, in kuma faɗa miki cewa ko Edinburgh ɗin ma tana da shakku, domin tsohon garin a kan tudu yake, hawa ne da gangara a kan hanyoyin da aka shimfiɗe da duwatsu, ga iska mai ratsa jiki a ƙarshen Oktoba.

Abin da na fi ganin dacewarsa shi ne ku yi masauki biyu kacal, Manchester da Landan, kuna fita da safe kuna dawowa ku kwana a ɗaki ɗaya, maimakon jan akwatunan biki daga otal zuwa otal. Idan za ku sayi tikiti, ku nemi wanda zai sauke ku a Manchester ya ɗauke ku daga Landan. Daga Abuja ana samun irin wannan ta Doha ko Istanbul ko Addis Ababa, kuma zai hutar da ku komawa Manchester don kawai ku hau jirgi.

Daga Manchester, Liverpool ba ta kai awa guda ba a jirgin ƙasa, kuma akwai abin da ya cancanci ziyara a can: masallacin da Abdullah Quilliam, wani lauya Bature da ya musulunta, ya buɗe a Brougham Terrace a 1889, wanda ake lissafa shi a matsayin na farko a Ingila. Shi ne kuma aka aiko Legas a 1894 ya wakilci Sarkin Musulmin Daular Usmaniyya ta Turkiyya wajen buɗe masallacin Shitta-Bey. Idan kaka kuke son gani yadda take a can, lokacin da ganyen itatuwa ke rikiɗa ja da rawaya kafin ya zube, to ku ba tafkin Windermere yini guda, kimanin awa biyu daga Manchester. Ana shiga jirgin ruwa mai rufi a zauna, duwatsu da dazuzzuka suna wucewa ta taga, Alhaji bai taka ko'ina ba. Idan mai son ƙwallo ne, ana zagayawa da baƙi cikin filin Old Trafford da na Etihad a ranakun da ba wasa, sai dai akwai matakala, ku tambaya tun wajen sayen tikiti. Abincin halal ba matsala ba ne, titin Wilmslow a unguwar Rusholme cike yake da shi.

Zuwa Landan awa biyu ne da ɗan ɗori daga tashar Piccadilly ta Manchester zuwa ta Euston a Landan. Tikitin da aka saya makonni kafin tafiya, mai ƙayyadadden lokaci, ya fi wanda ake yanka a ranar sauƙi nesa ba kusa ba, kuma akwai katin rangwame na mutum biyu masu tafiya tare da ke rage kashi ɗaya cikin uku, muddin ba da sassafe za a tashi a ranakun aiki ba. A Landan ku fi dogara da bas a kan jirgin ƙarƙashin ƙasa, saboda tsofaffin tashoshi da dama ba su da lif, amma ku sani bas ba ya karɓar tsabar kuɗi, sai katin banki na taɓawa ko katin Oyster na biyan kuɗin sufuri a Landan. Shiga gidan tarihi na British Museum kyauta ne, kuma sashen Afirka da ke ƙasa, inda tagullan Benin suke, ya ishe ku rabin yini. Lambun Kew yana kan ganiyarsa a wannan lokaci. Fadar Buckingham kuwa a watannin zafi ake buɗe ɗakunanta ga jama'a, don haka a Oktoba daga waje za ku gan ta. Juma'ar ƙarshe ku yi ta a Babban Masallacin Landan da ke gefen Regent's Park, wanda aka kammala a 1977.

Abu guda da zai iya rikita muku lissafi shi ne agogo. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba Birtaniya tana mayar da agogonta baya da awa guda. Kafin ranar, lokacinsu ɗaya ne da na Najeriya, kuma rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 na yamma. Bayanta kuwa magariba kan yi tun kafin ƙarfe 5, azahar da la'asar kuma su matso kusa da juna. Ma'anar wannan ita ce duk abin da ke buƙatar hasken rana, kamar tafki da lambu, a sa shi a kwanakin farko da kuma safiya, a bar gidajen tarihi da kasuwa zuwa yamma. Makon ƙarshe na Oktoba kuma yawanci hutun tsakiyar zango ne na makarantu, wuraren yawo sukan cika da yara, kuɗin otal ya hau, saboda haka a kama ɗakin Landan da zarar biza ta fito. Zafin rana ba ya cika wuce digiri 15, ga ruwa da ke sauka ba sallama, musamman a Manchester. Shadda da leshi ba sa tare sanyi, sai an sa wata riga mai ɗumi a ciki, da safa, da rufaffen takalmi. Ku kuma yanki inshorar lafiya, domin baƙon da aka kwantar a asibitin gwamnati a Ingila ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na ainihin kuɗin maganin. Magungunan Alhaji su taho cikin kwalayensu, da takardar likita, a jakar hannu.

Tambaya: Aminina zai yi aure a Landan farkon Nuwamba, an ɗora mini kawo ankon abokan ango da tsarabar kilishi da man shanu. Akwai matsala? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malam, akwai. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi shigo da nama da duk abin da aka yi da madara daga ƙasashe irin namu, ko busasshe ne ko dafaffe, don haka kilishi da dambun nama da man shanu duk ba sa wucewa, kuma idan aka gan su a jakarka ba ka bayyana ba, bayan ƙwacewa kana iya fuskantar hukunci. Busasshen kifi da zuma an yarda da su bisa ƙayyadadden nauyi, zuma har kilo 2. Ɗanyun 'ya'yan itace da kayan lambu galibi sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai, saboda haka goron ɗaurin aure gara dangin ango su neme shi a shagunan kayan Afirka na can. Humra da turare a naɗe su da kyau a sa a babban akwati.

Game da anko, tufafin da za ka sa ka dawo da su ba abin damuwa ba ne, amma sababbin kayan da za ka bari a can, ko kyauta ne, idan darajarsu ta wuce fam 390 wajibi ne ka bayyana su ka biya haraji. Ka riƙe rasit ɗin kasuwa da na tela. Kada kuma ka yarda a ƙara maka 'yan turamen atamfa ko huluna da sunan ka sayar a wurin biki, domin bizar baƙo ta hana sayar wa jama'a kaya kamar yadda ta hana aikin biya, kuma saɓa mata yana iya rufe maka ƙofar biza ta gaba. Tsabar kuɗi daga fam 10,000 zuwa sama ita ma sai an bayyana ta, ko da gudummawar abokai ce aka tara aka ba ka amana.