Tsokar cikin namiji ta fi ta mace amfani a hawan dutse?

Tambaya: Ni da ƙanena muna hawan duwatsun Shere a nan Jos duk Asabar, atisayenmu ɗaya. Cikinsa ya fito layi-layi, nawa shiru. Tsokar cikin mace ƙarama ce, ko ƙarfi ne ba ni da shi?

Amsa: 'Yar'uwa, a kauri kam ta maza ta fi. Bangon ciki tsoka huɗu gare shi: ta gaba mai layi-layin nan, biyu masu karkata a kowane gefe, sai ta can ciki wadda ta zagaye ƙugu kamar ɗamara. Idan aka auna su da na'urar sikanin, irin ta duba juna biyu, galibi na maza sun fi kauri, saboda sinadarin testosteron da kuma girman jiki. Amma da an kwatanta kaurin da nauyin mutum, sai tazarar ta ragu sosai, kuma nauyinki kaɗai kike ɗagawa a jikin dutse. Mace ce ma, Lynn Hill, ta fara haye hanyar Nose ta dutsen El Capitan a Amurka da hannu da ƙafa zalla, a 1993.

Layin da kike gani a cikin ƙanenki ƙarancin kitse ne ya fito da shi. Jikin mace na buƙatar kitse aƙalla kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari, na namiji 2 zuwa 5. Don Allah kada ki zauna da yunwa don neman layi. Haila na iya ɗaukewa, ƙashi ya yi rauni.

Tsokar can cikin nan mai kama da ɗamara ce abar lura. Inda dutse ya sunkuyo kanki, ita ke taimakawa wajen riƙe ƙugu kusa da shi. In ta saki, ƙafa ta zame, nauyi ya koma kan yatsu, nan da nan hannu ya gaji.

Sau uku a mako, ki rataya a sandar ƙarfe ki ɗago gwiwoyi zuwa ƙirji sau 8 zuwa 10, ba lilo, zagaye uku. Sai ki dogara da gwiwar hannu ɗaya ta gefe, jiki a miƙe, daƙiƙa 30 kowane ɓangare. Bayanki ya fara lanƙwashewa, ki tsaya, tsokar ta gaji ke nan.

In kin haihu kwanan nan, ki kwanta rigingine, ki ɗan ɗago kai, ki taɓa saman cibiya. Ramin da ya wuce faɗin yatsu biyu na nufin tsokar gaba ta rabu, sai ki ga likitan gashin ƙashi (fisiyo) kafin ki fara rataya.