Sigari a bakin aiki: amsar wasiƙun sojoji da iyalansu

Tambaya: Malam, shekarata shida a aikin soja. Gadin dare ne ya koya mini sigari, yanzu kwali guda nake tashi da shi a rana. A gudun atisaye yaran da na girma sun fara wuce ni. Wasu abokaina sun koma sigarin lantarki, wasu kuma 'yan ƙullin nikotin da ake cusawa ƙarƙashin leɓe. Wanne zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙirjinka ya riga ni ba ka amsa. Hayaƙin sigari na ɗauke da iskar kabon monoksayid, wadda ke manne wa jini fiye da oksijin sau 200 da wani abu, ta kore shi ta zauna a gurbinsa. Hakin da kake yi kafin a kai rabin gudu daga nan yake. Ido ma da oksijin yake aiki, don haka ganin mai shan sigari yana raguwa a duhu, ga shi kai gadin dare aka ba ka. Ba a ma maganar jan garwashin nan da ake hangowa daga nesa.

Na san abin da za ka ce: tana kore barci, tana kwantar da hankali. Nikotin, sinadarin da ke sa a kamu da taba, na isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, amma bayan kamar awa biyu rabinsa ya bar jini. Daga nan jiki ya fara tsuma, rai ya ɓaci ba dalili, hannu ya tafi aljihu da kansa. Natsuwar da kake ji bayan zuƙa uku, ƙaiƙayin da karan baya ya bari ne ka sosa.

Sigarin lantarki ba zan yi maka ƙarya a kansa ba. Tunda ba a ƙona ganye, gubarsa ba ta kai ta sigari ba, kuma akwai waɗanda suka rabu da sigari ta hanyarsa. Sai dai ribar ta wanda ya saki sigari gaba ɗaya ce. Mai wannan da rana, wancan da dare, bai tsira da komai ba. Ga kuma baturi: yana son caji, ba ya son zafi. A 2017 rundunar sojin ruwan Amurka ta hana shiga da shi jiragenta bayan baturan sun yi ta fashewa suna ƙona mutane. Shi kuwa ƙulli, ba hayaƙi ba wuta, kuma nan tarkonsa yake. Ana riƙe shi a fareti, a mota, har a kwance, sai ka wayi gari nikotin da kake sha ya fi na da.

In kuɗina ne, filastar nikotin da cingam ɗinsa zan saya, don su an yi su ne a bar su. Mai shan fiye da kara 10 a rana yakan fara da filasta mai miligiram 21 na mako shida, ya sauko 14 mako biyu, sannan 7 mako biyu. Da safe ake liƙa ta a fata busasshiya, a riƙa canja wuri. Cingam kuma na lokacin da sha'awa ta taso ne. In kana kunna karan farko cikin minti 30 da farkawa, mai miligiram 4 za ka nema. Ba a tauna shi kamar alawa: ka tauna har ka ji yaji-yaji, ka ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in ya lafa ka sake. Haɗa biyun ya fi ɗaya aiki. Ka fara ganin likitan bariki, ka gaya masa irin aikinka, domin akwai ƙwayoyin daina taba da ake yi wa ƙa'ida a ayyuka irin su tuƙin jirgin sama. Kada ka sa ranar dainawa a jajibirin fita aiki, kwana ukun farko su ne masu zafi.

Tambaya: Maigidana yana bakin daga. Duk saƙon da zan aika sai ya ce in sa sigari. Zuciyata ba ta so, amma ina tausayinsa. In saya?

Amsa: 'Yar'uwa, tausayin nan naki ya daɗe a duniya. A yaƙin duniya na biyu cikin ƙunshin abincin soja ake saka sigari, kuma Amurka ba ta cire ta ba sai 1975. Da yawa sun dawo daga yaƙi lafiya, taba ta biyo su gida. Abin da ya fi damuna game da maigidanki shi ne rauni: nikotin na matse jijiyoyin jini, ciwon mai shan taba yakan yi jinkirin warkewa, karaya ma haka.

Ni dai ba zan ce ki saya ba. Amma kada ki yi shiru ki hana, ya buɗe kaya ya tarar wayam, kuma kada ki mai da 'yan mintunan wayarku na faɗa. Ki gaya masa a fili cewa hannunki ba zai iya ba, ki tambaye shi ko zai karɓi cingam ɗin nikotin a madadi. In ya ce ba yanzu ba, ki bar maganar sai ya zo hutu. Ranar kuwa, sharaɗi ɗaya ki riƙe: ba a ɗaki ba, ba kusa da yara ba.

Tambaya: Wata huɗu ina horo ban taɓa sigari ba. Zan koma bataliya inda kowa ke sha. In riƙa sayen mai sauƙin nan da ake cewa an rage mata ƙarfi?

Amsa: Ƙanena, a'a. Babu sigari mai sauƙi. Mai shanta yakan zurfafa zuƙa har ya cike nikotin ɗin da aka rage. Ka riga ka wuce wahalar da mai tambayar farko yake shirin shiga, ba ka buƙatar filasta ma. Abin da zai gwada ka shi ne lokacin hutu, sa'ad da na gaba da kai ya miƙo maka kwali a buɗe. Tanadi amsarka tun yanzu, gajeriya cikin ladabi: "Na gode, oga, ba na sha." Kada ka ce "na daina", don mai cewa haka ake yi wa tayi na biyu.