Saura mako guda wasan ƙarshe: mu ninka atisaye?

Tambaya: Koci, ƙungiyar unguwarmu a Gusau ta kai wasan ƙarshe na gasar matasa, za a buga Asabar mai zuwa da ƙarfe huɗu da rabi. Kyaftin ɗinmu ya ce mu koma atisaye safe da yamma har jajibiri. Waɗanda za mu kara da su kuwa mun ci su 3 da nema a zagayen rukuni, har wasu sun fara ɗinkin rigunan murna. Ya kake gani?

Amsa: Ƙanena, ka gaishe min da kyaftin, ka ce masa ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙarfin da ba ku tara a watannin baya ba, kwana bakwai ba za su kawo shi ba. Aikin wannan makon shi ne ku isa fili da ƙafa marar nauyi.

Jiki ba ya ƙaruwa a lokacin wahala, sai a hutun da ke biye da ita. Tsamin jiki bayan atisaye mai tsanani yakan fi tsananta ne a kwana na biyu, wani lokaci har na uku, kuma makamashin da tsoka ke ajiyewa daga shinkafa da tuwo yana ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya sake cika. Idan kuka yi gudun kashe kai ranar Alhamis, da gajiyar za ku shiga fili ranar Asabar. Na sha ganin yara masu kyau ana minti sittin sun riƙe ƙugu, wani ya zauna yana dafe da sha-raɓa, jijiya ta ɗaure, 'yan kallo suna cewa asiri aka yi musu. Babu wani asiri, kocinsu ne ya cinye su tun a filin atisaye.

Ku yi atisaye mai nauyi na ƙarshe ranar Talata. Laraba da Alhamis sau ɗaya a rana ya isa, ku rage tsawonsa amma kada ku rage zafin taku. Juma'a minti arba'in kawai: bugun kwana, firikik, wa zai tsare wa. Ku zaɓi masu bugun fenareti biyar tun yanzu, da na shida da na bakwai, kowa ya san kusurwar da zai nufa. Wasan ƙarshe yana iya ƙarewa a can.

Ranar wasa ku ci abinci tun wajen ƙarfe ɗaya, wanda cikinku ya sani, shinkafa ko taliya ba mai da yawa. Ruwa kuma tun jajibiri ake shansa kaɗan-kaɗan, ba a ɗura jarka ana gab da busa ba. Fitsari ya yi ja, ruwa bai isa ba ke nan. Sabon takalmi a bar shi a gida, zai yi maka bororo kafin hutun rabin lokaci. Wanda kuma ya zo muku da tiramol wai don kada ku ji gajiya, ku kore shi: yana rufe ciwo ne har ka ƙarasa ɓalla abin da ya fara tsagewa, ga jiri, ga hatsarin farfaɗiya.

Amma ni rigunan murnar nan sun fi damuna. Ranar 22 ga Nuwamba 2022 a Ƙatar, Ajantina ta shiga fili da wasa 36 a jere ba a doke ta ba, Messi ya ci fenareti a minti na 10, kowa ya ce an gama. Ana dawowa daga hutu Saudiyya ta zura biyu cikin minti biyar, aka tashi 2 da 1. Waɗanda kuka ci 3 sun zauna sun gano ta inda kuka shige su, ku kuwa kuna tuna daɗin ne kawai.

Saboda haka ranar Juma'a, bayan kun gama, ku zauna a gefen fili ka jefa musu tambaya ɗaya: idan suka riga mu ci a minti goma na farko, me za mu yi? Wa zai kwantar da 'yan baya, wa aka hana yi wa alƙali magana? Telan kuma ku ce ya dakata sai Lahadi.