Ga mai son koyon rubuta manhaja alhali karatu ya sha masa kai

Ɗan'uwa, ka ce kana shekara ta biyu a kwaleji, lakca da aikin gida sun cinye maka yini, kwamfutarka kuma tsohuwa ce mai RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) 4GB, kana tambaya ko ka haƙura sai ka gama makaranta.

Kada ka haƙura. Ni ma haka na fara, kuma abin da ya taimake ni shi ne minti 40 kullum bayan na sallami aikin makaranta. Ya fi zaman awa shida ranar hutu, domin wanda ake yi kullum shi ke zama a ka.

Ka ɗauki yaren rubuta manhaja ɗaya ka riƙe. Ina ba ka shawarar Python: kyauta ne, rubutunsa na da sauƙin karantawa, kuma 4GB ta ishe shi. Kuskuren da na fi gani shi ne kallon bidiyon darasi ba tare da taɓa madannai ba. Ka rubuta da hannunka, ka yi kuskure, ka karanta saƙon kuskuren. Fara da abin da ya dame ka, misali ƙaramar manhajar da za ta lissafa maka makin jarrabawa.

Idan kwamfutar na jan ƙafa, sauya mata faifan ajiya zuwa SSD (nau'in faifai mai sauri) ya fi komai tasiri, amma ka kwafe fayilolinka tukuna. Idan batirin kwamfutar ya kumbura kuwa, kashe ta ka kai wa mai gyara, kada ka taɓa shi da kanka.

Makon jarrabawa ka ajiye Python gefe, ba inda zai je.