Tambayoyin Masu Karatu: Ziyarar Tsibirin Ƙubrus Bayan Damina

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke yankin Ringim a Jihar Jigawa, na kuma yi ritaya daga aikin koyarwa. Ɗana yana karatu a garin Famagusta da ke tsibirin Sayifurus, wato Ƙubrus, ya kuma matsa in kai masa ziyara a watan Oktoba ko Nuwamba. Shin sanyin wurin ba zai fi ƙarfin dattijo ba, kuma zan sami abincin halal? Babban burina shi ne in ziyarci kabarin Sahabiya Ummu Haram, wadda muka ji cewa a can take kwance.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yaron albarka, ya sa a gama lafiya. Zan fara da burinka na ziyara, domin shi ne mai sarƙaƙiya, kuma ya kamata a warware shi tun kafin a sayar da buhu ko ɗaya don kuɗin jirgi.

Ƙubrus tsibiri ɗaya ne a gabashin Bahar Rum, amma hukuma biyu ke iko da shi. Ya sami 'yanci daga Birtaniya a 1960, sannan a 1974 ya rabu bayan juyin mulkin da masu son haɗewa da Girka suka yi da kuma shigowar sojojin Turkiyya. Kudu ita ce Jamhuriyar Ƙubrus da duniya ta amince da ita, tana cikin Tarayyar Turai tun 2004. Arewa ta ayyana kanta ƙasa a 1983, kuma Turkiyya kaɗai ta amince da ita. Famagusta a arewa take, shi ya sa jirginka sai ya bi ta Turkiyya kafin ya sauka a filin Erjan, kuma kuɗin da za ka kashe lirar Turkiyya ce.

Kabarin da ake jinginawa ga Ummu Haram bint Milhan, Allah ya yarda da ita, a kudu yake, a bakin tafkin gishiri na Larnaka, cikin masallacin da ake kira Hala Sultan. Ita ce matar Ubadatu bin Samit, kuma 'yar'uwar mahaifiyar Anas bin Malik. Ta bi rundunar ruwa da Mu'awiya ya jagoranta a zamanin Halifa Usmanu, ta faɗo daga kan dabbarta ta rasu, bayan tun da farko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi mata albishir cewa tana cikin rukunin farko na masu yaƙi a kan teku. Daga Famagusta zuwa can ba nisa, amma hukumomin kudu ba su ɗauki Erjan a matsayin halastacciyar ƙofar shiga ba, don haka mai fasfon Najeriya da ya sauka ta nan kada ya sa rai za a bar shi ya tsallaka. Wanda yake nufin wannan ziyara sai ya nemi bizar Jamhuriyar, ya sauka a Larnaka. Arewa ma da tata bizar, wadda ake nema tun daga gida. Shawarata ita ce ka ɗauki wannan tafiya ta zumunci ce, ka ajiye ziyarar kabarin zuwa wani shiri na daban, kuma duk dillalin da ya ce zai tsallakar da kai ta bayan fage, ka guje shi.

Maganar yanayi kuwa, yaron ya zaɓi lokaci mai kyau. A Yuli da Agusta zafi a tsakiyar tsibirin yakan kusanci digiri 40, amma a Oktoba rana takan tsaya wajen digiri 27, a Nuwamba ta sauko kusa da 22. Da dare ne sanyi ke sauka, sanyi mai danshin teku wanda ke shiga jiki fiye da busasshen sanyin hunturunmu, saboda haka ka tafi da rigar sanyi mai kauri, da safa, da takalmi rufaffe. Ni da zan zaɓa maka, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ya fi: gero ya shiga rumbu, an cire gyaɗa, ka kuma dawo kafin yankan dawa.

A matsayinka na manomi, abin da zai fi ɗaukar hankalinka shi ne shekararsu kishiyar tamu ce. Lokacin da ruwa ke ɗaukewa a Ringim, su a lokacin suke ɗaga kai suna jiran hadari. Za ka tarar da filin Mesariya, tsakanin Nikosiya da Famagusta, a bushe ƙurmus, ana huɗa ana jiran ruwan Nuwamba a shuka alkama da sha'ir, waɗanda ba za a girbe ba sai wajen Mayu. Ruwa ne babbar damuwarsu, har tun 2015 ake turo wa arewa ruwan sha daga Turkiyya ta bututun da ya ratsa teku kimanin kilomita 80. Kakar zaitun ce kuma. Ka roƙi yaron ya kai ka wani ƙauye ka ga yadda ake shimfiɗa raga a gindin bishiya, a kakkaɓo 'ya'yan, a kai injin matsa, mai ya fito kore shar mai ɗan ɗaci a maƙogwaro. Rumman ya nuna a lokacin, lemo kuma ya fara shigowa kasuwa.

Abinci ba zai wahalar da kai ba, domin mafi yawan mutanen arewa Musulmi ne, kuma naman rago da kaza da kifi ne a kasuwa. Sai dai gaskiya ɗaya ce: riƙon addininsu ba irin wanda ka saba gani ba ne, ana sayar da giya a fili, gidajen caca kuma sun yi yawa a manyan otal, inda ya kamata ka yi tambaya kafin ka ci nama. Ka ɗanɗana cukunsu da suke kira hellim, na nonon tumaki da awaki, wanda ake gasawa a wuta ba ya narkewa.

Juma'a ka yi ta a masallacin Lala Mustafa Fasha da ke cikin ganuwar Famagusta. Coci ne da aka fara ginawa a 1298, ya koma masallaci bayan Usmaniyawa sun ci garin a 1571. A ƙofarsa akwai wata tsohuwar bishiyar ɓaure, irin ta fadamarmu, wadda mutanen garin ke cewa sa'ar ginin ce.

Ka lura da agogo. Kafin Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna gabanmu da awa biyu, bayanta da awa ɗaya, kuma a Nuwamba ana kiran Magariba tun biyar ba ta yi ba, La'asar kuma takan kuɓuce wa baƙon da ya biye wa lissafin gida. Motoci hannun hagu suke bi, kamar yadda muke yi kafin 1972, don haka dama za ka fara dubawa idan za ka tsallaka titi. In kana shan maganin hawan jini ko na suga, ka ɗauki wanda zai ishe ka har dawowa, a cikin kwalinsa, tare da takardar likita, ka sa shi a jakar hannu.